Alhamis Arba'in da Ɗaya

Dakta na tsaye a barandar asibiti, waya a kunne, abokin aikinta na maƙwabciyar ƙasa yana ta zuba mata yabo.

"Wallahi rahoton ya yi kyau, Dakta. Tasha goma sha biyu, ƙasa huɗu, babu inda layin awon iska ya karkace. Ƙarfe biyu za mu tura."

Ta ce to, ta kashe. Ita ta san yadda aka yi layin ya miƙe. Shekara biyu tana haɗa kan masu auna gurɓatar iska, aikin da ya fi kiwon awaki wuya, sai ga shi tashar da ta so ba ta kunya tata ce, wadda ta kafa a rufin gidan innarta. Kowace Alhamis da hantsi sai lambobin su yi tsalle, ninki takwas. Ta ce na'urar ce ta tsufa. Ba ta je ta duba ba, wa ke da lokacin cunkoson hanya? Da yatsa ɗaya ta share Alhamis arba'in da ɗaya, ta rubuta "matsalar na'ura".

Yau kuwa Alhamis ce.

A ɗakin jinya, Inna na jingine da filo, robar iska a hanci, ƙirjinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bakin dai bai mutu ba.

"Ke 'yar boko, sai da na kwanta kika gane hanya?"

"Inna, ki huta mana."

"Hutun me? Masu narka tsofaffin baturan nan ne. Ran Alhamis suke hura wutarsu a bayan katanga, hayaƙin har ɗaci yake a harshe." Ta yi tari mai tsawo. "Tun bara matan layi suka so kai ƙara, na hana su. Na ce ku bari, akwatin 'yata na kan rufi, yana gani, yana rubutawa, ba mai ƙaryata shi. Yana rubutawa dai, ko?"

Kunya ta rufe Dakta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Yana rubutawa, Inna."

Ta koma baranda. Ɗaya da rabi ta wuce. Ta kira abokin aikin.

"Kada ku tura. Akwai ranakun da zan mayar."

"Ashe na'urar ba ta lalace ba?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji Dakta. "Ni ce."