Taken da Na'ura Ta Zaɓa

Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu gyaran waya, kuma ba wanda ake kira da sunan yanka a cikinsa. Akwai Oga, mai jaridar. Akwai Mai Kyamara. Akwai 'Yar Waƙa, wadda ke bin rigimar mawaƙa da 'yan fim. Sai ita, da suka laƙaba wa Kimiyya, don ita aka ɗora wa labaran kimiyya da fasaha. Jarida ce ta matasa, ba ta da takarda, a waya kawai ake karanta ta. A jikin bango akwai ƙaton allon talabijin mai nuna yawan waɗanda suka buɗe kowane labari. Mawaƙi ya canja aski, mutum dubu tamanin. An gano sabon abu a sararin samaniya, mutum ɗari uku, rabinsu ma kuskuren yatsa ne. Wata uku na gwaji aka ba Kimiyya, saura mako biyu, kuma layinta bai taɓa barin ƙasan allon ba.

Manhajar da suke ɗora labari da ita ba ta karɓar take ɗaya, akwati biyu gare ta. Tana nuna wa rabin masu karatu take na farko, rabi na biyu, bayan kwata ɗin awa ta riƙe wanda aka fi dannawa ta watsar da ɗayan. Al'adar ofishin kuwa ita ce a rubuta gaskiya a akwatin farko, a zuba gishiri a na biyu. Su da kansu akwatin ƙarya suke ce masa, suna dariya. Kimiyya ba ta taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, tunda labaranta ko da gishiri ko babu ba mai leƙawa. Takan rubuta abin da zai sa Mai Kyamara dariya ne kawai.

A gida sunanta Yaya. Ƙanwarta Auta shekararta sha shida, yarinya ce da sai ta wuni ba a ji muryarta ba. Tankin ruwan gidansu ya yi shekaru yana cika yana tumbatsa, ruwa na bin bangon ɗakin Umma har fenti ya kumbura, don kullum sai an manta da kashe famfo. Auta ta samo murfin gora, da tsohuwar cajar waya, da ƙararrawar ƙofa da ta lalace, ta haɗa wani abu mai kashe famfon da kansa idan tanki ya cika. Malamin kimiyyar makarantarsu ya shigar da ita gasar ɗalibai, ta tsallake zagaye biyu, saura na ƙarshe. Wanda ya ci, an ba shi gurbin karatun injiniya ke nan. Auta ba ta da wani buri a duniya sai wannan gurbi, har hoton ginin makarantar ta liƙa a cikin murfin akwatin kayan aikinta.

"Ki bari in ɗauke ki," in ji Yaya ranar wata Asabar. "Minti huɗu kawai."

"Yaya, ni fa ba ni na ƙirƙira ba. A wani bidiyo na gani, na sauya kayan ne da abin da muke da shi. Haka ma na rubuta wa masu gasar."

"To sai ki faɗi hakan. Wa ya ce ki yi ƙarya? Haba Auta, ki taimaki yayarki mana, korata za a yi."

Wannan maganar ce ta karya ta. Ta tsaya a gindin tanki tana murza bakin mayafi, ta yi bayani a hankali, kuma a minti na uku ta faɗa da bakinta cewa ba nata ba ne, ta ambaci inda ta koya.

Ranar Litinin da hantsi Yaya ta ɗora. A akwatin farko ta rubuta: Ɗaliba ta haɗa na'urar kashe famfo da tsoffin kaya. Ta tsaya a na biyu, Mai Kyamara na tsaye a bayanta yana shan shayi. Ta rubuta: 'Yar shekara sha shida ta ƙirƙiro abin da ya gagari injiniyoyin duniya.

"Kai, Kimiyya! Duniya gaba ɗaya?" Ya yi dariya har shayin ya sarƙe shi. Ita ma ta yi dariya, ta danna.

Kafin a tashi cin abincin rana layinta ya hau saman allo, ya bar 'Yar Waƙa a baya. Oga ya miƙe yana tafi, ya ce ashe ana ruwa ƙasa na shanyewa. Gaskiya ita ce Yaya ta ji daɗi. Ta ga take na biyu ne ya ci, sai ta ce wa kanta ai bayanin yana cikin bidiyon. Ta manta abin da ita da kanta ta fi kowa sani, cewa a wannan sana'a ba mai kaiwa minti na uku.

Kwana biyu ana yabon Auta. A na uku wani ya tono bidiyon asali, na shekara bakwai baya, ya jera shi kusa da fuskarta. Daga nan allura ta tono garma. Ɓarauniya, in ji wasu. Maƙaryaciya, in ji wasu. Masu wasan barkwanci suka yafa mayafi suna murza bakinsa, suna riƙe da murfin gora, suna cewa sun ƙirƙiro ruwa. 'Yan ajinsu suka riƙa gaishe ta da "Barka da zuwa, Injiniyar Duniya." Ta daina zuwa makaranta ranar Alhamis.

A gida Umma ta tambaya yaya aka yi haka. Yaya ta ce na'ura ce ke zaɓar take, ba mutum ba. Umma ta tsine wa na'ura, ta yi addu'a, ta yarda. Auta na zaune a gefe tana ji.

Yaya ta sami Oga a teburinsa. "Oga, a cire labarin nan, don Allah. Ƙanwata ce."

"A cire?" Ya nuna allon da biro. "Kin san tun da muka buɗe ba mu taɓa ganin irin wannan ba? Ko na cire ma, ya riga ya bazu, magana zarar bunu ce. Ki rubuta gyara, ban hana ki ba. Kuma ki kwantar da hankalinki, mako mai zuwa wani zai yi abin kunya a manta da ita."

Ba mugun mutum ba ne Oga, abin da ya fi ciwo ke nan. Da mugu ne da ta sami wanda za ta tsana.

Ta yanko minti na ukun nan shi kaɗai, inda Auta ke faɗin gaskiya. Ta zo kan akwatunan biyu, ta rubuta take iri ɗaya a kowanne: Ɗalibar ta faɗa tun farko cewa koya ta yi. Manhaja ta ƙi karɓa, wai sai sun bambanta. Ta sauya kalma ɗaya ta ɗora. Ta wuni tana kallon allo. Zuwa la'asar mutum ɗari biyu da sha ɗaya ne suka buɗe, kuma ta san aƙalla goma daga ciki ita ce.

Ranar Juma'a malamin ya zo gida da kansa da takardar masu gasa. Sun rubuta cewa sun san ɗalibar ta bayyana inda ta koya, ba su zarge ta da komai ba, amma saboda surutun da ya biyo baya, kuma don kare mutuncin gasar, sun cire sunanta daga zagayen ƙarshe. Shekara mai zuwa ta wuce shekarun shiga. Malamin ya kasa shan ruwan da aka kawo masa. A ranar ce kuma, da yamma, saƙon Oga ya shigo wayar Yaya: an tabbatar mata da aiki, har da alamar tafi guda uku.

Washegari da rana tana ɗaki ta ji ƙarar da aka yi wata huɗu ba a ji ba a gidan, ruwa na zuba daga tanki yana dukan siminti. Ta fito da gudu ta kashe famfo. Auta na zaune a bakin baranda, akwatin kayan aikinta a buɗe, na'urar a wargaje a gabanta, tana naɗe wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Hoton cikin murfin babu shi, sai tabon gam.

"Auta, me ya sa kika cire? Ai yana mana amfani."

"Za a riƙa tunawa a kashe."

Yaya ta durƙusa kusa da ita. Ta fara jero abubuwan da ta shirya tun jiya, cewa za ta rubuta wa masu gasar, za ta je ofishinsu, akwai wasu gasannin. Ita kanta tana jin yadda maganganun ba su da nauyi, ihu ne bayan hari. Auta ta bari har ta gama.

"Yaya, na je na karanta yadda manhajar taku ke aiki," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Na gane. Na'ura ce ke zaɓa, kamar yadda kika gaya wa Umma. Tsakanin guda biyu take zaɓa." Ta sa murfin gorar a cikin akwati. "Wa ya rubuta na biyun?"

Sauran ruwan na ci gaba da gangarowa a bangon ɗakin Umma. Yaya ta mayar da idonta kan bangon. A aljihunta waya ta yi motsi, ta san Oga ne ke neman labarin Litinin.

Auta ta jira ta kaɗan. Sannan ta rufe akwatin, ta tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa, ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta fara share ruwan.