Bakin Azurfa a Alƙalamin Wuta

Girman kai ba sai a wurin mai dukiya ba. Akwai irin wanda ke kama masu sana'a, mutum ya ƙware a abu ɗaya, sai ya ɗauka duk sauran sani jikan nasa ne, ya riƙa jin tambaya kamar zagi. Shi ne ya kama Chaibou maƙeri, kuma a gaban idona aka yi, don rumfar da nake sayar da dabino tana manne da maƙerarsa.

Chaibou maƙerin fari ne, azurfa yake ƙerawa, zobba da ƴan kunne da abin wuya. Ba zan rage masa komai ba, hannunsa na da kyau. Da baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Agadas, kasuwar azurfa ta kwanta, sai ya koma ga abin da ya gani wurin kakansa, wato zanen wuta a jikin akushi da ludayi da ƙwarya. A sa ƙarfe cikin garwashi ya yi ja, a ja layi biyu ko uku, ya huce, a mayar. Akushi ɗaya sai ya ci yini.

Ana nan wani ƙanensa direba ya kawo masa tsaraba daga Aljeriya. Wani baƙin akwati ne, bai fi kwalin sukari girma ba, da abin murzawa mai lamba ɗaya zuwa goma. Igiya ɗaya ta tafi priz, wato mahaɗar wutar lantarki da ke bango, ɗaya ta tafi ga wani alƙalami mai kauri. Bakin alƙalamin wata ƴar waya ce lanƙwasasshiya, ƙafafunta biyu an matse su da ƴan ƙusoshi masu murɗi. Baki biyu aka haɗo masa. Da an murza, kafin ka ce me, wayar ta yi ja jawur, kuma ba ta hucewa.

Abin nan ya hana ni sukuni. Ba gawayi, ba zugazugi, kuma akwatin kansa in ka taɓa shi da sanyinsa. To daga ina wutar ke fitowa, kuma me ya sa ta zaɓi bakin kaɗai? Ban yi lakkol ba, wato boko, amma ban taɓa jin kunyar tambaya ba. Na tare Amadou mai gyaran kayan kuran, wato lantarki, wanda shagonsa ke ƙetaren hanya. Shekara ashirin ya yi yana aiki inda ake ƙona kwal a yi kuran a Tchirozérine kafin ya aje aiki. Shi da Chaibou taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, ba sa haɗuwa sai an yi tsiya.

"Baba, kuran ɗin bango bolt ɗari biyu da ashirin ne," in ji Amadou. "In ya shiga wannan ƴar waya kai tsaye, ko toka ba za ka gani ba. A cikin akwatin akwai transfo, shi ke sauke shi ya koma bolt biyu ko uku. Kuma kowane akwati da irin alƙalaminsa da irin bakinsa, an auna su tare. Ba a ɗora wa jaki sirdin raƙumi."

Ya leƙa maƙera ya ɗaga murya. "Bawana, ka ji ko? In abin nan ya yi maka gardama, ka kawo wa ubangidanka."

Chaibou bai ɗago ba. "Ranar da zan tambaye ka zancen wuta da ƙarfe, ranar nan a aske mini gemu. Tun kana tsotson yatsa nake narka azurfa."

"Ai gemun ma ba wani abin kirki ba ne," in ji Amadou, ya koma shagonsa.

Sati biyu bayan haka Souwaiba ta zo. Ita ce ke tattara aikin hannu na unguwarmu ta kai baje kolin Yamai kowace shekara, kuma wanda ta ɗauki kayansa bana shi take nema baɗi. Ta kawo akushi ashirin da huɗu, sabbi daga hannun masassaƙa, ta ce motarta ranar Alhamis da safe za ta tashi.

"Malam Chaibou, ka faɗa mini gaskiya. In ba za su samu ba, in raba su tun yanzu."

"Hajiya, da ƙarfen kakana ma na yi, balle yanzu da nake da aljani a akwati. Ki zo Laraba da la'asar."

Aiki ya fara kyau. Amma hannun da ya saba da guduma bai san lallashi ba. Yana murza abin har lamba goma, yana danna bakin a jikin ice kamar mai huda fata. Baki na farko ya karye ranar Asabar, na biyu ranar Litinin da hantsi, yana kan akushi na goma.

Na ga ya zauna yana jujjuya guntun wayar a tafin hannu. Na ce masa, "Taki goma ne tsakaninka da Amadou."

"Baba, waya ce fa. Ni da nake jan waya da hannuna."

Ya ɗauko wata tsohuwar munduwa ta azurfa, ya narka, ya zuba, ya buge, ya yi ta ja ta cikin ramukan ƙarfe har ta yi daidai kaurin wadda ta karye. Ya lanƙwasa ta, ya goge, ya ɗaura. In don kyau ne, bakin Turawa bai kama ƙafarsa ba. Ni kaina na matso da buzuna, don ina so in ga yadda azurfa ke yin ja ba tare da garwashi ba.

Ya murza zuwa uku. Shiru. Ya kai biyar. Bakin na nan fari fat, ya taɓa shi da yatsa, ɗumi kawai. Amma igiyar alƙalamin ta fara zafi, sai muka ji ɗan ƙara ƙas a cikin akwatin, ƴar fitilarsa ta mutu.

Ya kwance akwatin. A gefe ya sami wata ƴar kwalba kamar ƙwayar dabino, da siririn zare na ƙarfe a ciki, ya tsinke ya yi baƙi.

"Ka ga rowar Bature," in ji shi. "Yaya wuta za ta wuce ta wannan gashin? Dole baki ya ƙi ja."

Na ce, "Chaibou, wanda ya ƙera akwatin nan yana da ƙarfe mai kauri a gidansa, ya ƙi sawa. Ban san dalili ba, kai ma ba ka sani ba. Kama da wane ba wane ba ce. Garin gyaran gira ake rasa ido."

"Baba, kai dai ka ji da dabinonka."

Na ja buzuna baya. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ya yanko jan ƙarfe mai kaurin tsinken tsire ya cusa a gurbin kwalbar, ya rufe, ya murza har goma. Akwatin ya kama gurnani. Bakin azurfa na nan fari, Chaibou na dannawa a jikin akushi yana jira. Sai wari ya taso, irin na robar da ta faɗa murhu, hayaƙi ya fara fita ta ramukan akwatin. Mariƙin alƙalamin ya yi laushi ya manne masa a hannu. Ya yarfar, ya fizge igiyar daga bango, amma gurnanin ya riga ya tsaya da kansa.

Warin ne ya kawo Amadou. Ya tsaya bakin ƙofa ya dubi akwatin, ya dubi Chaibou da ya tsoma hannu cikin kaskon ruwan da yake kashe ƙarfe. Ya ɗauki alƙalamin da awartaki, ya kai shi ga haske.

"Azurfa ce wannan?"

"Tsantsa," in ji Chaibou, ko a lokacin da ɗan alfahari a muryarsa.

Amadou ya buɗe akwatin, ya zaro jan ƙarfen, ya daɗe yana kallonsa. Na zaci zai yi dariya, bai yi ba. Ni na ƙagu, na ce ya faɗa mini me ya hana azurfa yin ja, ita da ta fi wancan baƙin ƙarfe daraja.

"Darajar ce ta kashe shi, Baba. Ka san ƙofar kasuwar dabbobi ranar da ta cika, inda ake turereniya nan ake gumi. Wayar da ta zo da abin nan mai taurin kai ce, ba ta barin kuran ya wuce sai da gardama, gardamar nan ita ce zafin. Azurfa kuwa duk cikin ƙarafa babu mai buɗe wa kuran hanya kamarta. Ya wuce a guje, ya yi yawa, sai zafin ya koma inda ba a so, cikin igiya da cikin transfo. Ƴar kwalbar nan mai gadi ce, an yi ta siririya don ta mutu a madadin akwatin. Ta yi aikinta. Shi kuma ya kori mai gadi ya sa ɓarawo a ƙofa."

"Yana gyaruwa?" in ji Chaibou, bai dube shi ba.

"Naɗin wayar ciki ya narke ya zama dunƙule. Irinsa sai an aika Yamai, in ma an samu." Sannan Amadou ya ce, "Abin da ya fi ba ni haushi, bawana, ina da wayar tsohon resho mai aiki da kuran a shago, ƴar'uwar wadda ta karye ce. Da mun auna mun yanka, da ka sami baki goma kafin azahar. Gemun ma da na bar maka."

Ranar Talata Chaibou ya hura garwashi ya ɗauko ƙarafan kakansa, amma tafin dama ya tashi bororo, bai iya riƙe komai ba. Laraba da la'asar Souwaiba ta zo, ta dubi hannun, ta yi masa sannu yadda ya kamata, ta ƙirga kayanta. Ta ɗauki tara da aka gama, ta ɗauki goma sha huɗu da ba a taɓa ba ta ce za ta sayar da su haka nan. Na goman, mai rabin zane, ta bar masa.

Ga abin da Chaibou ya rasa. Akwatin da aka ɗauko masa tun daga Aljeriya, wata biyu bai cika a hannunsa ba. Alƙalami da igiyarsa. Aikin akushi goma sha biyar. Kwana ashirin da uku bai riƙe guduma ba. Da shekara ta zagayo kuma, Souwaiba ta bi ta gaban maƙerarsa da akushi arba'in a kan amalanke, ta gaishe shi da kyau, ta wuce da su unguwar gaba.