Keken Ljubinka a Tsakar Gida

Ljubinka tana haya a ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa mai suna Desanka a Novi Sad, kuma da keke take zuwa aiki asibiti. Da aka sace keken maƙwabcinta a tsakar gida, sai ta nufi ofishin inshora don ta yi wa nata keken inshora.

Ma'aikacin ya girgiza kai. "Baiwar Allah, sai in keken yana kwana a ɗakin da ke kaɗai ke da makullinsa. Tsakar gida ta kowa ce."

Ta dawo ta roƙi mai gidan.

"Keke a kan daɓen katakona?" in ji Desanka. "'Yar nan, gobe kuma akuya za ki shigo min da ita? Marigayi mijina ya yi daɓen nan da hannunsa."

"Zan shimfiɗa darduma, Inna."

"Ko bargo ne."

Ta koma ofishin, mutumin ya ce ba shi ya rubuta dokar ba. Wani ɗakin kuwa ya fi ƙarfinta, sai ta ƙara sarƙa ta biyu.

Bayan sati uku, da safe, ta leƙa taga ta ga sarƙoƙin a ƙasa, an datse su. Ta jima tana kallonsu, sannan ta sa takalmi ta kama hanyar asibiti a ƙafa.