'Yar Mai Tarkace

Tun ina firamare ake kirana 'yar mai tarkace, kuma na sha dambe a kan sunan nan. Ga shi yau ni ce tsaye a ofishin kwastan, ina rantsuwa cewa kayan Baba tarkace ne.

Ganga takwas Baba ya yi oda daga waje, cike da tsofaffin haƙoran injin yankan ƙarfe. Na tangistan ne, ƙarfe mai nauyi da wuyar samu, wanda ake niƙawa a sake sarrafa shi. Ni ke fitar masa da kaya. Sai jami'in ya buɗe ganga ɗaya, ya ga suna ƙyalli, ya rubuta musu lambar sababbin kayan aiki. Harajin wannan lamba kuwa, in aka ɗora mana shi, sai dai Baba ya rufe rumfarsa ya sallami ma'aikata.

Na kawo takardu, na yi bayani har bakina ya bushe. Ko gezau. Na kira Baba.

Ya zo da rigar aikinsa, ko canzawa bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, zuba min haƙoran a tebur," in ji shi. "Ba sai na duba ba."

Ya juya fuskarsa bango. Yana ɗauka, yana shafa gefen da babban yatsa. "Wannan ya dakushe. Wannan ya tsage ta kusurwa. Wannan wuta ta ci shi." Jami'in yana bi da gilashin ƙara girma, kowanne haka yake.

Jami'in fa ba kanwar lasa ba ne. Ina kallo ya zaro sabo fil daga aljihun teburinsa, cikin samfuran da suke ajiyewa, ya cusa a tarin.

Yatsan Baba ya kai kan sabon, ya tsaya.

"Wannan ba nawa ba ne. Mayar da abinka, ɗana, kada ya ɓata."

Jami'in ya yi dariya har da buga tebur. Ya soke lambar, ya rubuta ta tarkace, ya buga hatimi.

"Hajiya, me za a sa a gurbin mai fitar da kaya?" in ji jami'in.

Wallahi kaina ya fasu, ban ma ɓoye ba.

"Rubuta sunana," na ce. "In da wuri, ƙara da 'yar mai tarkace."