Idanun Tutar Marsa Zarka

Tutar garin Marsa Zarka ba ta da zaki, ba ta da takobi, ko tauraro ɗaya babu a jikinta. Shuɗin ƙyalle ne mai kauri, irin wanda ake ɗaura wa jirgin ruwa ya kama iska, kuma duk jikinsa huji ne. In teku ta ci mutumin garin ta hana gawarsa, uwarsa ko matarsa ce ke zuwa ta yanke ɗan zagaye kamar bakin kofin shayi, ta bi gefensa da farin zare. Mutanen garin suna kiran waɗannan huji idanu. Wanda ba shi da kabari a tudu, yana da ido a saman hasumiyar tashar jirage, inda tutar ke kaɗawa.

Sassiya ce kaɗai ta ƙi yanka. Ɗanta Lutfi ya fita kamun kifi tun lokacin tsinkar zaitun na bara, shi da abokansa, ko katakon jirginsu ba a gani ba. Iyayen sauran sun je sun yanka, sun yi kukansu sun share hawaye. Ita kuwa har yau in za ta turara kuskus ɗin Juma'a sai ta auna da rabonsa. A ganinta, ranar da ta riƙe almakashin nan, ranar ta binne ɗanta da hannunta.

Ana haka sai ga ƙanenta Munsif, sakataren majalisar gari, mutumin da ko a tsakiyar zafi ba ya rabuwa da kwat. Ya zauna a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Yaya, magana ce ta kawo ni."

"Na sani. Ai ba ka zuwa sai da magana ko da yunwa. Wacce ce yau?"

Ya bayyana mata. Majalisa ta nemi a mai da tutar ta zama ta hukuma, kuma daga babban birni an amince. Amma doka ba ta san tutar da ke sauya kama ba. Dole a rubuta faɗinta da tsawonta da launinta da yawan idanunta, a tsaya a nan. Gobe da hantsi za a sauke ta a ƙirga. Daga an sa hannu, duk wanda ya kai mata almakashi ko allura ya wulaƙanta alamar gari, sai kotu.

"To waɗanda teku za ta ci nan gaba fa? Ko ita ma kun aika mata da dokar?"

"Za a yi musu allon dutse a bakin tasha. Yaya, ni dai Lutfi nake ji. In gobe ta wuce, ba shi a tudu, ba shi a tuta."

Ta ɗauke kofin shayin da ta ajiye masa tun bai kurɓa ba. Haushinsa take ji, kuma ta san gaskiya ya faɗa. Gaba kura, baya sayaki. In ta yanka ta yarda ya mutu, in ta ƙi kuma garin zai manta an taɓa yin wani Lutfi.

Washegari ta tafi, wai kallo kawai za ta yi. An sauke tutar an shimfiɗa ta a filin da masunta ke gyaran raga. Sassiya ta tsaya cak. Tun tana yarinya take ganin abar nan a sama kamar ɗankwali, ba ta taɓa sanin ta kai rabin filin ba. Ma'aikatan majalisa sun zo da abin awo da na'urar ɗaukar hoto suna surutu, amma da suka iso bakinta sai kowa ya rage murya. Ba wanda ya ce su cire takalmi, sun dai cire.

Mai hoto ya ce haske bai yi masa ba, a ɗan ɗaga ta. Masunta suka kama gefe-gefe suka ɗaga ta sama da kawunansu, iska ta shiga ƙarƙashi ta kumbura ta. Sai rana ta zubo ta cikin idanun nan. Haske ya sauko ɗigo-ɗigo a ƙasa, a kafaɗun mutane, a fuskokin tsofaffi, ko'ina yana motsi yana rawa, ba ya ƙirguwa. Wani dattijo ya buɗe tafin hannunsa, ɗigo ɗaya ya zauna a ciki, ya ce a hankali, "Subhanallahi." Sassiya ta bi ɗigon hasken da kallo. Ashe haka suke da yawa. Ashe duk shekarun nan suna bisa kan garin suna kallonsa, garin na ta cinikin kifi a ƙarƙashinsu.

Da aka sauke, Gwaggo Burniya ta yafuto ta. Ita ce tsohuwar da almakashin tuta ke hannunta, ta gaje shi wajen kakarta, kuma bakinta ya fi almakashin kaifi.

"Zo nan, mai taurin kai. Ban ce ki yanka ba. Durƙusa ki duba kawai."

Sassiya ta durƙusa, ƙyallen na warin gishiri da rana. Akwai idanun da zarensu ya koma ruwan ƙasa don tsufa, akwai ɗinkin gwanaye, akwai na waɗanda hannunsu ke rawa. Can sai yatsanta ya taɓa wani abu daban. Zagaye ne da farin zare kamar sauran, amma a rufe yake, kuma shuɗin da ke cikinsa ya fi na kewaye duhu, kamar yau aka rina shi. Ta duba gaba ta ga wani, can nesa kuma wani. Ba su da yawa, daga ƙasa ma ba mai ganinsu.

"Gwaggo, waɗannan fa?"

"Waɗanda suka dawo ne. Wannan na Ammar mai gasa burodi ne. Wani jirgin baƙi ya tsince shi, ya yi shekaru a ƙasar da bai san sunanta ba, ya dawo da furfura. Ke a zatonki ɗan ƙyallen da aka yanke zubar da shi ake yi? Uwa ke tafiya da shi, ta ajiye a ƙirjinta. Rana ba ta ganinsa, shi ya sa bai koɗe ba. In mai shi ya dawo, ta zo ta mayar."

"Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?"

"Wa zai ɗora wa uwa tsammani da baki? Sai dai ta zo ta taɓa da hannunta. Ke kuwa ko hanyar tasha kin daina bi."

Sassiya ta daɗe a durƙushe, tafinta a kan idon Ammar. Daga nan ta miƙa hannu, Gwaggo ta sa mata almakashin. Ta zaɓi wuri kusa da na abokan Lutfi, ta yi bismilla ta yanka. Ƙyallen ya yi tauri, sai da ta sa ƙarfi. Ta bi bakin da farin zare, hawaye na zuba. Ma'aikata suka tsaya da ƙirgarsu har ta ƙulle zaren. Ɗan zagayen kuwa ta cusa shi cikin rigarta, wajen da yaron ya sha nono.

Da aka gama sa hannu aka ja igiya, tutar ta hau, ta buɗe a kan hasumiya. Yanzu ta zama ta hukuma, ba mai sake taɓa ta. Munsif ya matso kusa da yayarsa, idonsa ja, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, na ji abin da Gwaggo ta ce miki. Kin dai san ko Allah ya dawo da shi, doka ba za ta bari ki mayar da ƙyallen nan ba."

Ba ta sauke kanta daga kallon tutar ba. Ta riga ta gano nasa, sabon farin zare yana ƙyalli a cikin tsofaffi.

"Ranar da zan zo da allurata, ka turo 'yan sandanka, Munsif," in ji ta. "Ka ce musu su yi sammako, don in suka makara za su tarar na gama."

Ta gyara mayafinta ta nufi kasuwar kifi. Gobe Juma'a, kuma Lutfi ba ya son kuskus ba kifi.