Saura Mutum Biyu

Ƙarfe bakwai da rabi Goggo ta shiga tasha, katin asibiti a cikin jakarta. Yanar ido ta rufe mata na hagu gaba ɗaya, na daman ma sai dishi-dishi. Likitan idon kuwa sau ɗaya yake zuwa a wata uku, kuma goma na bugawa ake daina karɓar kati. Tafiyar awa guda ce. Kun ga ai baiwar Allah ta yi sammako.

Ɗan kamasho ya karɓi jakarta da fara'a, ya ce saura mutum biyu mota ta tashi. Ta leƙa, ta ga duhun kawuna a kan kujeru, ta zauna hankalinta kwance. Shi jira haka yake, in aka ce maka ya kusa ƙarewa, ba ka jin nauyinsa.

Kusa da ita akwai wani mutum mai busasshen tari, da ƙaton agogo a hannu. Da yake ba ta iya ganin lamba, shi take tambaya. Sai ya sunkuyo ya faɗa mata a hankali, cikin ladabi. Takwas saura. Can kuma, takwas da 'yan mintuna. Ta ce ita dai bayanta yana gaya mata an fi haka. Ya yi dariya, ya ce mai sauri ne ke ganin minti ɗaya kamar goma, ta kwantar da ranta.

Ana nan, fasinja na shigowa, wani na fita. Wannan zai sayo ruwa, wancan zai kewaya, kuma babu wanda ya dawo. Rana ta tashi daga gwiwarta ta hau kafaɗa. Ɗan kamasho yana bakin ƙofa yana ta shelar mutum biyun nan da ba sa ƙarewa.

Mai agogo ya gama ce mata tara saura kwata ke nan, sai rediyon mai shayi ya ce ƙarfe tara da rabi, ga taƙaitattun labarai.

Goggo ta damƙe wuyan hannunsa.

"Sake karanta mini."

Ya yi tari. Wata malamar makaranta da ta shigo ba da jimawa ba ta duba wayarta daga kujerar baya, ta ce rediyo ne mai gaskiya. Nan fa ya fara kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa: shi ba inda za shi. Zaunar da su ake yi don mota ta yi kamar ta cika, in fasinjan gaske ya zo, ɗaya ya zame. An kuma ce kada ya bari fasinjan gaske ya sauka.

"Aikina ne, Mama."

"Idona na ba ka aro," in ji Goggo. "Na haifi kamarka. Ka dubi makauniya ka sace mata safiya?"

Ta miƙe har kanta ya bugi rufin mota, ta ce duk mai tafiyar gaske ya ɗaga hannu, malama ta ƙirga mata. Mutum biyar, cikin sha huɗu. Direba ya taso yana cewa a yi haƙuri, yanzun nan za a tashi. Ta ce ya riƙe yanzunsa, ya ba ta jakarta. Su biyar ɗin suka fita titi suka tare ƙaramar mota.

Sha ɗaya saura kwata ta isa asibiti. Ma'aikacin da ke tagar kati bai ko ɗago kai ba. Ya ce an rufe, ya rubuta mata wata ranar a bayan katin, ya turo. Da ya ga ta ƙi motsawa, sai ya sassauta murya.

"Wata uku kamar gobe ne, Mama."

"A agogon wa?"

Bai gane ba, ita ma ba ta tsaya yi masa bayani ba. Ta kai katin dab da idon dama, ta juya shi ta ɓangaren haske, rubutun ya ƙi fitowa. Ta jefa shi a jaka, ta lalubi bango ta nufi ƙofa.