Rubutu a Bangon Falonmu

Maigidana ba ya ji. Shekara tara ke nan da wani zazzaɓi ya tafi da kunnensa na dama gaba ɗaya, na hagun kuma ya bar masa abin da bai wuce ya san an buga ƙofa da ƙarfi ba. Mun ga likitoci uku. Mun sayi na'urar da ake sakawa a kunne, ya ce ba ta ƙara masa komai sai ƙugi kamar an kunna injin niƙa a cikin kansa. Tana nan a durowa har yau.

To, ku ji aikinsa. Shi ne sakataren wani kamfanin jigilar kaya, shi yake rubuta rahoton taro: wa ya ce me, wa ya yarda, wa ya ƙi, me aka yanke. Mutumin da ba ya ji shi ne mai rubuta abin da aka faɗa, kuma a duk ofishin babu wanda ya sani.

Da ido yake ji. A bakina ya koyi karanta leɓɓa, har ya ƙware ta yadda ko gunaguni na yi daga kicin, in dai ya hango fuskata, sai ya ce, "Na ji ki fa." A ɗakin taro ya kama kujerar ƙarshen tebur, taga a bayansa, haske a fuskokin kowa. Har yabonsa suke yi, wai Sakatare akwai natsuwa, in kana magana ba ya ɗauke ido daga kanka. Akanta ne kaɗai yake ba shi wahala, saboda gashin bakinsa da ya rufe leɓen sama ruf. Ya sha gaya mini da za a ba shi almakashi da minti biyu, da aikinsa ya ragu da rabi.

Sai kamfani ya rufe ginin reshensu, aka ce kowa ya yi aiki daga gida, taro kuma ta bidiyo za a riƙa yi kowace Talata da ƙarfe goma na safe. Ranar farko na leƙa shi a falo. Fuskoki goma sha biyu a gilashin kwamfuta, kowace ba ta fi kan sarkin wasiƙa ba. Ya kai hancinsa kusa da gilashin, ya ja baya, ya sake matsowa. Aka tashi taro takardarsa layi huɗu. Bai ci abincin rana ba, ni ma na kasa.

'Yarmu ta fari ce ta kawo mafita. Ta zo da wani ɗan ƙaramin majigi, girmansa bai wuce sabulun wanka ba, ta jona shi da kwamfutar, ta ɗora shi a kan littattafai uku. Muka sauke kalanda da hoton aurenmu, na goge bangon, na ja labule. Sai ga fuskar Akanta a bangon falona, ta fi faranti girma.

"Yauwa!" in ji Maigida. "Yau dai na ga haƙoran mutumin nan. Ashe guda ɗaya babu."

Wata biyu muna cikin daɗi. Rahotonsa ya koma kamar da, shafi biyar, shida, babu kuskure.

Daga nan aka turo sabon manaja. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma na tsani muryarsa tun ranar farko, kullum kamar wanda ake jira a waje. A taronsa na biyu ya ce hotuna suna jan sabis, magana tana yankewa, don haka kowa ya kashe kyamara. Ina tsaye a ƙofar falo da tiren shayi na ga fuskokin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har bangon ya zama baƙaƙen akwatuna, kowanne da suna a ƙasa. Maigida ya juyo ya dube ni. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba.

Na ajiye tiren, na tsaya a gefen bangon inda hasken majigin yake taɓa fuskata, na fara maimaita abin da nake ji da leɓɓana, ba murya. Akwatin mai magana nakan nuna masa da yatsa. Ya ɗauki biro.

Haka na shiga aikin kamfanin jigilar kaya ba tare da an ɗauke ni ba. Ni tela ce, abin da na sani zare da allura. Amma kowace Talata sai in rufe keken ɗinkina, in tsaya awa biyu ina tauna maganar tayoyi da inshorar tireloli da direban da ya kwana a hanya. In mutum biyu suka yi magana tare, bakina ɗaya ne, sai in zaɓi mai muƙami. Muƙamuƙina har ciwo yake yi. Masu kawo ɗinki suna zuwa su buga ƙofa, in yi lamo kamar ba na nan.

Na roƙe shi ba sau ɗaya ba.

"Malam, ka faɗa musu mana. Ciwo ai ba sata ba ne."

"Uwargida, wa kika taɓa gani ya riƙe kurma yana rubuta masa taro?"

"To ni ce zan yi ta tsayuwa har yaushe?"

"Shekara uku ta rage mini in yi ritaya. Ki bari in fita ta ƙofa da mutuncina, kada a ce tausayina aka ji."

Sai in yi fushi in shige ɗaki, in rantse ba zan ƙara ba. Talata na zuwa in tsinci kaina a gefen bangon, har da shafa mai a leɓe don ya fi ganinsu. Wata shida muka yi haka.

Ranar da zan ba ku labarinta, taro ya tafi kamar kullum. An gama maganar man dizal, an yi wa Akanta tsiya a kan jinkiri, na maimaita har dariyar. Kusan ƙarshe Manaja ya ce yana da wani abu sabo da zai nuna. Na isar da wannan. Sai wani layin rubutu ya fito a ƙasan bangon, manyan haruffa farare, suna tafiya. Duk abin da Manaja ya faɗa, bayan ɗan lokaci sai ya bayyana a rubuce.

Maigida ya miƙe tsaye. Ya duba ya tabbatar makirufo ɗinsa a kashe yake, sannan ya kamo hannuna.

"Kin gani? Kin gani? Abin yana rubutawa da kansa! Uwargida, kin huta. Koma kan kekenki, wallahi kin huta."

Fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Shekara tara rabon da magana ta iso masa ba ta bakin wani ba. Yana karantawa yana gyaɗa kai, yana murmushi, biro yana gudu.

Amma rubutun yana bin murya ne a baya, da kamar numfashi uku. Ni kuwa murya nake ji. Na ji Manaja ya ce wannan manhaja ba rubuta magana kaɗai take yi ba, tana haɗa rahoton taro gaba ɗaya ta tura wa kowa kafin a tashi. Na ji ya ce saboda haka daga ƙarshen watan nan ba a buƙatar kujerar sakatare. Na ji ya ce kamfani yana godiya.

Na dubi bangon. Rubutun yana kan yabon manhajar tukuna, Maigida kuma yana murmushi. Ban san abin da zan yi ba. Babu abin da zan iya tsayarwa, ba muryar ba, ba rubutun ba. Ƙafata ce kawai ta kai ni tsakiyar hasken, na tsaya tsakanin majigin da bango, wai in tare.

Farar riga ce a jikina. Haruffan suka sauka a ƙirjina, suka ci gaba da tafiya.

Na ga idonsa ya sauko daga fuskata zuwa rigar. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana karantawa a hankali. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, sai da ya kai ƙarshen layin.

"Matsa kaɗan," ya ce. "Kalmar ƙarshe ta faɗa a hannunki."

Na matsa. Ya zauna, ya gyara takardarsa, ya rubuta lamba bakwai, ya ja layi a ƙarƙashi kamar yadda yake yi wa kowane batu. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ya rubuta cewa taro ya amince a soke muƙamin sakatare daga ƙarshen wata. Ni kuwa haushi da tausayi suka haɗe mini, na rasa wanda zan zaga.

Muryar Manaja ta ce, "Sakatare, kana jinmu kuwa? Ko kana da abin cewa?"

Ban motsa bakina ba. Muka jira tare, numfashi uku, har tambayar ta fito a bango. Ya karanta, ya kunna makirufo.

"Ina jinku, ranka ya daɗe," ya ce. "Yau kam na ji komai."

Aka tashi taro, akwatunan suka ɓace, bangon ya koma fari fat, sai ƙusoshi biyu na kalanda da hoton aurenmu. Ɗan majigin yana ta hura iskarsa mai zafi a kan littattafan. Maigida bai kashe shi ba. Ya jawo kwamfutar ya fara buga rahoton da yatsu biyu, kamar kowace Talata.

Na tsaya a inda zai ga bakina, na ce, "Malam, bar shi mana. Ai ka ji sun ce manhajar ce za ta tura."

Bai ɗago ba, don haka bai ji ni ba.